Ɗan Goro da Akwatin Allura

Duk wanda ya taɓa neman Mounkaila a gidansa na Djougou ya san amsar da ake bayarwa: yanzu ya fita. Ka zo da hantsi, yanzu ya fita. Ka dawo bayan la'asar, yanzu ya fita. Matarsa Hamsatou ta gaji da ba baƙi haƙuri, har ta koma nuna musu hanya da leɓe. "Ku bi nan," in ji ta. "In kun ga taro ku duba tsakiya, za ku same shi yana damun mutane da tambaya."

Gidansu gidan goro ne. Kakansa ya zo da ayarin jakuna daga Gwanja, ya yada zango a Zugu, kamar yadda tsofaffi ke kiran garin, ya yi aure ya zauna. Ubansa ya gaji rumfa a kasuwa, ya shekara arba'in a cikinta a kan buzu ɗaya. Mounkaila kuwa ƙafar kakan ya ɗauko, bai ɗauki zaman uban ba. An sa shi lakwal, makarantar Faransawa, ya yi shekara biyu yana kallon taga. A ƙarshe malamin da kansa ya rako shi gida, ya ce a nema masa abin yi, wannan yaro benci yana cizonsa.

Sana'ar gida kam ya iya ta, wannan ko mai ƙinsa ya sani. Goro abu ne mai rai, yana numfashi, yana gumi. Ana jera shi cikin huhu, wato kwandon da aka shimfiɗe da ɗanyen ganye, a ɗaure. Amma ɗan goro na gaske ba ya ɗaure huhu ya manta da shi. Yana kwancewa ya duba, ya tsince wanda tsutsa ta shiga, ya share gumin sauran, ya baza su a inuwa su sha iska, ya yayyafa ruwa, ya sake ganye. Wanda ya bar huhunsa a rufe ruɓaɓɓe zai tarar, kuma 'yan kasuwa za su yi ta ba da labarinsa har jikoki. Saboda haka a wurin Mounkaila, tun yana ƙarami, kula da kaya yana nufin a buɗe a duba.

Da goro ya fara tafiya, daga baya goron ya zama hujja kawai. Zai kai kaya Kumasi, a jira shi mako biyu, sai bayan wata biyar a gan shi ya dawo da allurar ɗinkin buhu da Turancin kasuwa. A Agege ya maƙale wurin wani Bayarabe mai gyaran keke har sai da ya iya kwance keke ya mayar da ita ba a sami ragowar ƙusa ba. A Gaya wani Bafulatani ya nuna masa ɗori, ya gwada a ƙafar akuya uku kafin a yarda ya taɓa mutum. Abin da ya fi ba Hamsatou haushi shi ne na Malanville. Mutum ya haura arba'in, da furfura a gemu, ya tuɓe ya faɗa kogi wai zai koyi iyo, don kawai ya ga masunta suna yi shi bai iya ba. Da ƙyar aka jawo shi. Washegari ya koma.

Harsuna ma haka ya bi su yana tsinta. Hausa da Dendi a gida ya same su. Baatonum ya kwaso a kasuwar Arzeke ta Parakou wurin masu doya. Faransanci kuma a bakin gar, inda jirgin ƙasa ke ƙarewa, ya tsince shi a bakin 'yan dako da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, wato Faransancin da ba ya shiga ofis sai ya cire hula. Amma abin da ya fi ba mutanen unguwarsu mamaki shi ne Yom. Gidajen fatake sun shekara ɗari da ɗoriya a Djougou, manoman Yom suna kewaye da su, doyarsu suke ci, itacensu suke ƙonawa, amma yawancinsu daga gaisuwa sai "nawa ne" suka sani. Abin kunya ne, a faɗi gaskiya. Mounkaila ya zauna wurin mata masu man kaɗanya, suna yi masa dariya suna gyara masa baki, har ya iya yin wasa da yaren.

Da soja suka karɓi mulki aka shiga juyin juya hali, aka sauya wa ƙasa suna daga Dahomey zuwa Benin, kowa ya zama kamarad. Attajiri kamarad, ɗan dako kamarad, har liman ana ce masa kamarad yana kau da kai. Ranar Asabar a fito aikin gayya, a share kasuwa ko a yi noman gandun jama'a. 'Yan kasuwa da yawa ranar nan ciwon baya ke kama su. Mounkaila kuwa kafin a buga ƙararrawa yana wurin. Kada a ɗauka ya gane Markisancin da ake ta wa'azinsa a rediyo. Ko kaɗan. Shi dai duk inda aka ce a zo a yi wani abu da bai taɓa yi ba, an gama da shi. Ya yi haƙar rijiya, ya yi kwaɓar siminti, ya taya rufin aji biyu na wata makaranta da shi kansa ba zai iya zama cikinta ba.

Nan ne Mariatou ta same shi. Ita ce majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin ɗakin shan magani na garin. 'Yar unguwarsu ce, a gabansa aka yi sunanta. A gaban jami'ai dole ta ce masa kamarad, a tarbiyyar gida kuma dole ta ce masa Baba, sai ta haɗa biyun.

"Kamarad Baba," ta ce, "ina neman mai jin Yom. Amma ba albashi, ba komai."

"Ina za a je?" Abin da ya tambaya ke nan, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga takalmi.

Wani ƙauye ne gaba da Sérou, inda jar hanya ke ƙarewa sai turba. Bara baƙon dauro ya shiga ƙauyen da bazara, ya kwashe yara goma sha ɗaya. An ce akwai allurar rigakafi da za ta zo daga Cotonou, amma mutanen ƙauyen sun ce ba za a soki ɗan da lafiyarsa ƙalau ba. Mariatou ta je sau biyu da Faransancinta da Dendinta, suka ba ta ruwa, suka raka ta bakin hanya.

Wata uku Mounkaila yana zirga-zirga a kan keke, yana ɗan shekara hamsin da shida. Ya fara da Yaou, delegen ƙauyen, wato wakilinsu wurin gwamnati, wani dogon manomi mai ƙarancin magana. Bai kawo masa zancen allura ba sai da ya taya shi tada kunyar doya kwana huɗu, bayansa ya kusa rabuwa biyu. Ya bi gida gida. Ya ci sakwara da miyar da bai san sunanta ba, ya tambayi sunan. Ya ɗora wa wani tsoho yatsa. Duk tambayar da aka yi masa a kan allura wadda bai sani ba, sai ya taka keke ya koma Djougou ya tambayi Mariatou ya dawo da amsa. Mace ta farko da ta yarda ita ce Amariya, mai 'ya'ya biyu: Rabi'a 'yar shekara uku da wani jariri a goye. Ta ce masa, "Kai ka zo gidana sau bakwai. Mai ƙarya ba ya wannan wahala." Daga ita sai wasu suka biyo, har aka sa rana, aka ƙidaya yara sittin da biyu.

Saura a ɗauko maganin daga Parakou, inda jirgin ƙasa ya sauke shi. Motar ma'aikata ta lalace, Mariatou kuma ba ta iya barin majinyata. Wa zai je? Tambayar ma ɓata baki ce.

A Parakou mai kula da sito ya miƙo masa wani shuɗin akwati mai igiyar ratayawa, nauyinsa kamar na rabin huhu. Mutumin yana sauri, wayar tarho tana kuka a bayansa. Ya daki murfin da tafin hannu ya ce, "Camarade, garde ça bien au frais," wato kamarad, ka adana wannan da kyau a frais.

Mounkaila ya yi murmushi. Frais! Ya san kalmar nan tun a bakin gar. Ita ake faɗa a kan kifi, ita ake faɗa a kan ganye, ita direbobi ke faɗa in za su ɗora masa goro: a sa shi inda ke da inuwa da laima da iska. Jikan fataken Gwanja za a koya wa frais? Ya rataya akwati ya ce, "Ka ba mai shi." Mutumin da ya yi wa duniya tambaya tun daga Kumasi har Gaya, ranar nan ko ɗaya bai yi ba, saboda yana ganin an shigo gonarsa.

Ya sami kamiyo mai kai gishiri Djougou, ya hau saman buhuna ya rungume akwatin. Sun wuce gadar Bétérou da kaɗan motar ta yi tari ta tsaya. Direba ya shige ƙarƙashinta yana zagin uwar injin. Hantsi ne, kuma bazara ta kama, rana kamar ta sauko ƙasa. Mounkaila ya sauka ya nemi gindin kaɗanya, ya ajiye akwatin. Ya zauna. Ya tashi. Ya je ya leƙa injin, ya ba da shawara aka ƙi ji, ya dawo. Zuciyarsa ta ce masa: kaya yana rufe tun safe cikin wannan zafi, kai kuma kana zaune kamar wanda bai gaji sana'a ba.

Ya ɓalle murfin. A ciki ya ga 'yan kwalabe ƙanana jere, da robobi huɗu masu ƙanƙara a gefe. Kwalaben sun yi gumi, takardun jikinsu sun jiƙe. Ya ce, "Ashsha! Da na ƙara jimawa da an yi ɓarna." Ya shimfiɗa rawaninsa, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya share kowace da gefen riga, ya jera su a inuwa su sha iska. Ya bar murfin a buɗe don akwatin ma ya huta. Da ya mayar da su sai ya saƙala ɗan kara a bakin murfin, kada kayan su rasa numfashi.

Sau huɗu ya yi haka kafin la'asar. Inuwar kaɗanya ba ta da kauri, tana matsawa yana matsar da rawani. A karo na uku ƙanƙarar ta zama ruwa. A na huɗu kwalaben sun daina gumi gaba ɗaya, ɗumi gare su kamar ƙwan da aka ɗauko ƙarƙashin kaza. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce yanzu sun bushe.

Sun shiga Djougou rana na faɗuwa. Mariatou ta tafi karɓar haihuwa, amma ta bar saƙo wurin mai gadi cewa a sa kwalaben cikin firijin kananzir da ke kusurwa. Ya sa su da hannunsa. A gida Hamsatou ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, yau kamar ka ci kasuwa."

"Uwar gida, yau an ba ni kayan gwamnati, na nuna musu aikin Zugu."

"To, Allah ya sa ba iyo ka sake koyo ba."

Da safe Mariatou ta buɗe firiji, ta taɓa kwalaben, sanyi ƙalau. Ta zuba su cikin akwatin da sabuwar ƙanƙara, ta ɗaure a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinta, shi kuma ya biyo ta a keke. Da suka isa ƙauyen, abin da suka gani ya sa idon Mounkaila ya kawo ruwa. Mata sun cika gindin babban mangwaro, kowace da goyo ko da yaro a hannu. Maza sun bar gona sun tsaya a gefe. Yaou ya sa rigarsa ta taro. Amariya ce a gaban layi, Rabi'a tana riƙe da zanenta.

Mariatou tana tafasa allurai, Yaou ya matso ya kai hannu zai ɗaga murfin akwatin ya ga abin da ake ta zance a kai. Ta yi wuf ta dafe murfin.

"A'a, kamarad delege! Baba, faɗa masa ba a buɗewa sai za a ɗauka. Wannan magani in zafi ya taɓa shi mutuwa yake. Ko an mayar da shi firiji ba ya tashi. Ido ba ya ganewa, kwalbar tana nan yadda take, amma ruwa ne kawai za ka soka wa yaro."

Mounkaila ya buɗe baki zai juya maganar zuwa Yom, sai gindin kaɗanyar jiya ya faɗo masa a rai. Ya ce, "Majo, zafi kamar na wane lokaci?"

"Ko na rabin yini. Shi ya sa ake sa ƙanƙara. Bon, faɗa masa mu fara."

Ya faɗa wa Yaou, da wata murya da ba tasa ba. Sa'an nan ya ce zai zagaya. Ya bi bayan mangwaron, ya kai bakin rumbuna, ya dawo, ya sake komawa. Jikinsa duk ya jiƙe. Babu wanda ya gan shi a gindin kaɗanya sai direban da ke ƙarƙashin mota. Kwalaben sanyi gare su yanzu. In ya yi shiru, za a soki yara sittin da biyu, uwaye su yi godiya, a ba shi kaza, a kira sunansa a taron Asabar. In baƙon dauro ya zo ya kwashe su, za a ce maganin gwamnati ne ba shi da kyau, ko a ce kwana ne ya ƙare. In kuma ya yi magana, wata ukun nan sun tafi a banza, kuma wa zai sake yarda da shi? Ya tsaya ya dafa rumbu. Tsoro ya ji, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Ya waiwaya sai ya ga Mariatou ta ɗauko kwalbar farko, Amariya tana naɗe wa Rabi'a hannun riga. Bai san lokacin da ƙafarsa ta kai shi ba.

"Majo, dakata."

"Mene ne kuma, Baba?"

"Na buɗe shi. Jiya, a hanya. Sau huɗu. Na baza su a inuwa sun sha iska."

Ta dube shi kamar ba da Hausa ya yi magana ba. "Ka baza su? Ƙanƙarar fa?"

"Ta narke tun azahar. Mutumin ya ce au frais. Na yi musu yadda ake yi wa goro."

Mariatou ta ajiye kwalbar a hankali. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba ta ce, "Goro! Inna lillahi. Baba, kai da ke tambayar sunan miya, wannan ne ba za ka tambaya ba?" Ta juya baya ta share ido da gefen ɗankwali. Can ta ce, "A sallami mutane. Ba zan soka wa 'ya'yansu ruwa ba. Kai za ka faɗa musu, ni ba na jin yaren."

Nan wata ƙofa ta sake buɗe masa. A duk taron shi kaɗai ke jin harsunan biyu sosai. Zai iya cewa maganin ya lalace tun daga Cotonou. Zai iya cewa majo ta ga ranar ba ta yi kyau ba. Mariatou ba za ta gane ba, su ma ba za su gane ba. Ya tsaya gaban matan, ya cire hula, ya faɗa musu da Yom ɗin da matan kasuwa suka koya masa: an ba shi amanar magani, bai san yadda ake riƙe shi ba, bai tambaya ba, ya kashe shi da hannunsa. Maganin ba shi da laifi, majo ba ta da laifi. Wani maganin zai zo, yana roƙonsu su dawo.

Sai wata tsohuwa ta fashe da dariya mai ciwo, ta ce ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne. Mata suka fara gyara goyo suna watsewa. Yaou ya matso kusa da shi ya ce, "Na sa mutane sun bar gona saboda bakinka." Ya tuɓe rigar taro ya rataya a kafaɗa ya tafi. Amariya ta sauke wa Rabi'a hannun riga, ta ja ta suka wuce, ba ta dube shi ba.

An ce wani maganin sai bayan mako shida. A mako na uku baƙon dauro ya shiga ƙauyen.

Da labari ya iso, Mounkaila ya ɗaure tabarma a bayan keke. Hamsatou ba ta yi masa ba'a ba wannan karon, ta ƙulla masa gari da ƙuli-ƙuli ta ce, "Malam, ka je." Kwana goma sha tara ya yi a ƙauyen, a wata bukka da Yaou ya nuna masa da haɓa. Tun da ya yi wayo bai taɓa kwana goma sha tara a wuri ɗaya da son ransa ba. Yana ɗebo ruwa, yana tafasawa, yana bin gidaje da cokali yana ɗura wa yara kunu da ruwan gishiri da sukari yadda Mariatou ta nuna masa, yana wanke musu ido. Wasu gidajen suka bar shi ya shiga, wasu suka saki asabari a fuskarsa. Yara huɗu suka rasu. Ta uku ita ce Rabi'a.

Mariatou ta zo ta same shi zaune a bakin rijiya, guga a hannu, ya manta abin da ya kawo shi. Ta ce, "Baba, ko da ka yi shiru ranar nan, da haka za ta faru. Ruwa za a soka mata."

"Na sani, 'yata," ya ce. "In da ban buɗe ba fa?"

Ta karɓi gugan daga hannunsa ta zura a rijiya, don ba ta saba yi masa ƙarya ba.

Da sabon maganin ya iso Parakou, motar ma'aikata tana nan yadda take, a kan duwatsu. Mariatou ta nemi wanda zai je, kowa ya kawo uzuri. Sai ga Mounkaila a bakin ƙofa, ya rame, hula a hannu. Bai ce a aike shi ba, ya tsaya kawai. Ta daɗe tana dubansa, sa'an nan ta jawo masa kujera. Yini guda ya yi yana tambaya. Me ya sa ƙanƙara? Awa nawa take yi? In mota ta tsaya fa? In akwatin ya yi gumi ta waje? In ya ji wani abu yana motsi a ciki? Amsar rabin tambayoyin ɗaya ce: a bar shi a rufe.

Wannan tafiya ita ce mafi tsawo a rayuwarsa, shi da ya je Kumasi a bayan mota. Kamiyon bai lalace ba, amma yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, yana tsayawa kowane ƙauye. Mounkaila ya lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu ya zauna a gefensa. Yatsunsa suna ƙaiƙayi. Duk jininsa yana ce masa kaya suna gumi a ciki, suna neman iska, suna ruɓewa. Sau biyu ya tarar hannunsa ya kai kan maɓallin murfin bai sani ba. A ƙarshe ya tura hannuwan biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Wata mata mai kaji da ke kusa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Ya ce lafiya lau, aiki yake yi.

Ranar allura ta biyu gindin mangwaron ya yi fili. Mariatou ta tafasa allurai, ta jera auduga, suka jira. Yaou ya zo ba rigar taro, ya kawo jikokinsa biyu ya tsaya nesa. Mata suka riƙa zuwa ɗaiɗai. Daga sittin da biyu, goma sha tara aka samu. Mounkaila yana tsaye yana kiran suna, idonsa yana kan turbar da ta fito daga gidan Amariya, yana fatan ta zo, yana kuma tsoron ta zo.

Rana ta take tsaka, Mariatou ta fara haɗa kaya, sai ga ta. Ita kaɗai, jaririn a baya, ba kowa a gefen zanenta. Ba ta je wurin majo ba, gabansa ta zo ta tsaya. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya fara jero mata gaisuwar rashi, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta dubi shuɗin akwatin, ta dube shi.

"Ka buɗe?"

"Ban buɗe ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta kwance goyon, ta juyo da yaron gaba. Mariatou ta miƙo hannu za ta karɓa, Amariya ta girgiza kai. Ta ɗora shi a hannun Mounkaila.

"Kai za ka riƙe shi," ta ce. "Ka riƙe shi da kyau."